Adbent da Kirsimeti a Ɗariƙar Angilika

Adbent shi ne lokacin shiri da jira da Kiristocin ɗariƙar Angilika suke yi kafin bikin haihuwar Yesu Almasihu, kuma da shi ne shekarar ikilisiya take farawa. Yana somawa ne a Lahadin da ta fi kusa da 30 ga Nuwamba, ranar tunawa da Manzo Andarawus, saboda haka farkonsa ba ya fita daga tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. Lahadi 4 ne a cikinsa, yana ƙarewa da yammacin 24 ga Disamba. Daga nan bikin Kirsimeti yake karɓa, a yi kwana 12 har zuwa 6 ga Janairu, ranar da ake tunawa da zuwan masana daga gabas. Angilikawa sun gaji wannan tsari ne daga cocin Yammacin Turai, kamar yadda Katolika da mabiya Luther suka gada. Abin da ya ba nasu kamanni dabam shi ne addu'o'in da ke cikin Littafin Addu'a na cocin Ingila, da kuma nacin da suke yi cewa sai an yi jira da binciken zuciya kafin a shiga murna.

Asali

Shaida mafi tsufa da ake da ita a kan yin bikin haihuwar Almasihu ranar 25 ga Disamba ta fito ne daga wata kalandar birnin Rum ta shekarar 354, wadda masana suke ganin jerin bukukuwan da ke cikinta ya koma wajen 336. Lokacin shiri ya biyo baya, kuma ba a wuri ɗaya ya tsiro ba. Taron bishof-bishof da aka yi a Saragossa ta ƙasar Sifaniya a 380 ya umarci masu bi su riƙa zuwa coci kullum daga 17 ga Disamba zuwa 6 ga Janairu, ko da yake akwai shakka ko wannan umarni shi ne tushen Adbent. A ƙasar da yanzu ake kira Faransa, Bishof Perpetuus na Tours, wanda ya rasu wajen 490, ya tsara azumin kwana 3 a kowane mako daga 11 ga Nuwamba har zuwa Kirsimeti. A Rum an fara da makonni 6, daga baya aka tsaya a Lahadi 4, mai yiwuwa a zamanin Fafaroma Gregory Babba wanda ya rasu a 604.

Shi wannan Gregory ne ya aika ɗan mishan Augustine zuwa Ingila, inda ya isa a 597. A wata wasiƙa da ya rubuta wa shugaban cocin Iskandariya, Gregory ya ce an yi wa mutum fiye da 10,000 baftisma a Ingila a bikin Kirsimetin wannan shekara. Masana tarihi da dama suna ganin an zuzuta adadin. A ƙarnonin da suka biyo, yawancin kudancin Ingila sun bi tsarin sujada na babban cocin Salisbury, kuma daga nan ne aka ɗebo akasarin abin da ya shiga littafin addu'ar Angilika.

Littafin Addu'a da addu'o'in Lahadi huɗu

Thomas Cranmer, Babban Bishof na Kantabari, shi ne ya jagoranci tsara Littafin Addu'a na farko da harshen Ingilishi a 1549, bayan cocin Ingila ya raba gari da Rum. An yi masa gyara a 1552 da 1559, sannan aka fitar da bugun 1662 wanda har yau yake da matsayin doka a cocin Ingila. Cranmer kansa bai ga wannan ba, domin an ƙone shi da wuta a Oksfod ranar 21 ga Maris 1556, a mulkin Sarauniya Maryamu.

Kowace Lahadi tana da gajeriyar addu'a tata, jimla ɗaya ko biyu, wadda limami yake karantawa a madadin jama'a kafin karatun Littafi Mai Tsarki. A cikin waɗannan gajerun addu'o'i ne koyarwar Angilika a kan tsarki ta fi fitowa fili.

Ta Lahadin farko sabuwa ce da aka rubuta a 1549, an ɗauko kalmominta daga Romawa 13:12. Tana roƙon Allah ya ba da alheri a yar da ayyukan duhu, a ɗaura makaman haske, yanzu a wannan rayuwa mai ƙarewa wadda Yesu ya shigo cikinta da tawali'u mai yawa, domin a ranar ƙarshe, sa'ad da zai dawo cikin ɗaukaka ya yi wa rayayyu da matattu shari'a, masu bi su tashi zuwa rai madawwami. Zuwa biyu ke nan aka haɗa a numfashi ɗaya: na Baitalami da ya wuce, da na ranar shari'a da ake jira. Bugun 1662 ya ƙara umarni cewa a maimaita wannan addu'a kowace rana har daren Kirsimeti. Mutumin da yake zuwa addu'ar safe da ta yamma zai ji ta sau da dama kafin makonnin su ƙare, har ta zauna masa a baki. Haka wannan ɗariƙa take tarbiyyar zuciya, ta hanyar maimaici, kamar yadda ruwa yake cin dutse da ɗigo.

Ta Lahadi ta biyu ma daga 1549 take, kuma ta jingina da Romawa 15:4. Tana roƙon a ba masu bi ikon jin Nassosi, su karanta, su lura, su koya, su kuma narkar da su a cikinsu kamar abinci. Saboda ita ne aka daɗe ana kiran wannan rana Lahadin Littafi Mai Tsarki. Ta uku an sake ta gaba ɗaya a 1662, ana kuma danganta rubuta ta ga John Cosin, Bishof na Durham. Tana nuni ga Yahaya Mai Baftisma, manzon da ya share hanya, sannan ta yi wa limamai addu'a su ma su share hanyar zuwa na biyu. Wannan ya dace da ranakun azumi 3, Laraba da Juma'a da Asabar na bayan 13 ga Disamba, waɗanda ake keɓewa don yi wa masu shirin shiga aikin limanci addu'a. Ta huɗu fassara ce daga tsohuwar Latin, tana kiran Allah ya ta da ikonsa ya kawo ɗauki.

Littafin bai sa Adbent cikin jerin lokutan azumi ba, in ban da waɗancan ranaku 3, da Juma'o'i, da jajibirin wasu bukukuwa, har da na Kirsimeti. Duk da haka masu wa'azi sun saba ɗaukar batutuwa 4 na ƙarshen ɗan Adam a waɗannan makonni: mutuwa, shari'a, sama da jahannama.

Shekarun haramci

A farkon ƙarni na 17 wa'azin Kirsimeti ya kai ƙololuwa a bakin Bishof Lancelot Andrewes, wanda ya riƙa yi wa Sarki James na I wa'azi a fada kusan kowace shekara tsakanin 1605 da 1624. Guda 17 daga cikinsu sun tsira a rubuce, duka a kan abu ɗaya: yadda Kalman Allah ya zama mutum.

Masu tsattsauran ra'ayin gyaran coci, waɗanda ake kira Puritan, ba su yarda da bikin ba. Hujjarsu ita ce Littafi Mai Tsarki bai faɗi ranar haihuwar ba, bai kuma umarci a yi bikinta ba, ga shaye-shaye da caca da suka cika kwanakin. Da suka sami rinjaye a majalisa lokacin yaƙin basasa, sai aka hana amfani da Littafin Addu'a a 1645, a watan Yunin 1647 kuma aka soke bukukuwan Kirsimeti da Ista da Fentikos. A Kantabari, a Disambar wannan shekara, yunƙurin hukuma na tilasta buɗe shaguna ranar Kirsimeti ya jawo tarzoma. Marubucin Ingila John Evelyn ya rubuta a littafin tarihin rayuwarsa cewa ranar 25 ga Disamba 1657 sojoji suka kewaye wani ɗakin sujada a Landan inda yake tare da matarsa, suka auna su da bindigogi yayin da suke zuwa gaban bagade karɓar Jibin Ubangiji, aka kuma tsare su ana yi musu tambayoyi. Haramcin ya faɗi da dawowar sarauta a 1660.

Farfaɗowa

Charles Wesley, wanda ya mutu yana limamin cocin Ingila, ya rubuta waƙoƙin Adbent da na Kirsimeti a tsakiyar ƙarni na 18 waɗanda har yau ake rerawa. Sai dai babban canji ya zo ne da Yunƙurin Oksfod da ya fara a 1833, inda John Keble da abokansa suka nemi maido da tsofaffin al'adun ibada. John Mason Neale ya fassara tsofaffin waƙoƙin Latin, har da wadda take kiran Immanuwel ya zo, a 1851. Tushen wannan waƙa shi ne gajerun kiraye-kiraye 7 da ake rerawa a addu'ar yamma daga 17 zuwa 23 ga Disamba, kowanne da sunan Almasihu dabam: Hikima, Ubangiji, Tushen Yesse, Mabuɗin Dawuda, Hasken Asuba, Sarkin Al'ummai, Immanuwel. A tsarin Salisbury ana farawa ne ranar 16, shi ya sa kalandar 1662 ta rubuta sunan na farkon a gaban wannan rana, ba tare da wani bayani ba.

Karatu tara da waƙoƙi

Babu sujadar Angilika da ta yaɗu a duniya kamar wannan. Edward White Benson, Bishof na farko na Truro a yankin Cornwall, shi ya tsara ta, aka fara yi da ƙarfe 10 na daren 24 ga Disamba 1880 a wani ginin katako na wucin gadi, domin babban cocin bai kammala ba. Ana cewa ɗaya daga cikin manufofinsa shi ne ya janye maza daga gidajen giya a wannan dare. Ya jera karatu 9 daga Nassi, da waƙa a tsakanin kowane biyu, masu karatun kuma suna hawa daga yaron ƙungiyar mawaƙa har zuwa bishof.

Eric Milner-White, wanda ya yi limancin sojoji a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya ɗauko tsarin ya gyara shi don ɗakin sujada na Kwalejin King's a Kambirij, aka fara a jajibirin Kirsimetin 1918, makonni 6 bayan tsagaita wuta. Abin da ya gani a fagen daga ya sa ya yi imani cewa mutane suna bukatar sujada mai sauƙin bi, kuma addu'ar buɗewa da ya rubuta tana tunawa da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, a gaban jama'ar da kusan kowa ya rasa wani nasa. Karatun yana farawa da faɗuwar Adamu a Farawa 3, ya bi ta alkawarin da aka yi wa Ibrahim a Farawa 22, annabcin Ishaya 9 da 11, labarin Maryamu da makiyaya a Luka, masana a Matiyu 2, ya tsaya a farkon Bisharar Yahaya. Ana buɗewa ne da muryar yaro guda shi kaɗai, kuma al'adar da ta zauna ita ce ba a gaya wa yaron shi ne aka zaɓa sai daf da farawa, don kada fargaba ta kama shi. BBC ta fara watsa sujadar a 1928, ba ta kuma fasa ba sai a 1930 kawai. Ko a Yaƙin Duniya na Biyu, da aka cire gilasan tagogin don gudun bam, ba kuma abin ɗumama ɗaki, an ci gaba da yi. Tun 1983 ake sa a tsara sabuwar waƙa guda kowace shekara.

Launuka da kyandirori

Yawancin majami'u suna shimfiɗa shunayya a kan bagade a Adbent, fari ko ruwan zinariya a Kirsimeti. Wasu suna amfani da shuɗi suna danganta shi da Salisbury, amma hujjar tarihin tana da rauni. Zoben ganye mai kyandirori aro ne daga Jamus, inda Johann Wichern ya fara shi a Hamburg a 1839. Sujadar yara da ake ba kowane yaro lemo da kyandir a kai ta fito daga cocin Moraviya a 1747, ta shiga cocin Ingila a Lincoln a 1968.

Ranar Kirsimeti da kwanakin bayanta

Bisharar da littafin 1662 ya sa wa Jibin Ubangiji na ranar Kirsimeti ita ce Yahaya 1:1-14, ba labarin komin dabbobi ba, tare da Ibraniyawa 1. Washegari ake tunawa da Istifanas, shahidi na farko, 27 ga wata Manzo Yahaya, 28 kuma jariran Baitalami da Hirudus ya sa aka kashe. Ranar 1 ga Janairu ta kaciyar Yesu ce da raɗin sunansa. Wasu majami'u suna jan lokacin har 2 ga Fabrairu, ranar miƙa shi a Haikali.

A wajen Ingila

Samuel Marsden na ƙungiyar mishan ta CMS ya yi sujadar da ake ɗauka ta farko a ƙasar New Zealand ranar Kirsimetin 1814, ya yi wa'azi a kan Luka 2:10. A Badagry, Henry Townsend na CMS da Thomas Birch Freeman na Methodist sun yi sujadar Kirsimeti tare a ƙarƙashin wata bishiya a 1842, ana kuma yawan cewa ita ce ta farko a ƙasar da ta zama Nijeriya. A arewa, aikin ɗan mishan Walter Miller a Zariya ya haifar da ikilisiyar Wusasa, inda aka gina cocin St Bartholomew da ƙasa, irin ginin Hausawa, wajen 1929. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Cocin Nijeriya ya zama lardi mai cin gashin kansa ranar 24 ga Fabrairu 1979, kuma yana cikin mafiya yawan mabiya a tarayyar Angilika. A nan Adbent yana faɗowa cikin hunturu, bayan an kai amfanin gona gida, lokacin da ƙungiyoyin mawaƙa da na mata suke shirin sujadar waƙoƙi, mutane kuma suke haramar tafiya garuruwansu. Aika wa maƙwabta shinkafa da nama, Kirista da Musulmi, al'ada ce sananniya a garuruwa da yawa.

Saɓani

Ana jayayya a kan rera waƙoƙin Kirsimeti kafin 24 ga Disamba. Masu riƙon tsari suna ganin hakan yana cinye Adbent, wasu limamai kuma suna cewa a watan Disamba ne kaɗai mutane da yawa suke taka ƙafa coci, bai kamata a sallame su ba tare da sun ji labarin haihuwar ba. Akwai kuma bambanci a kan ko lokacin na tuba ne ko na sa zuciya. Littattafan sujada na zamani, irin wanda cocin Ingila ya fara aiki da shi a Lahadin farko ta Adbent ta 2000, sun karkata ga na biyun, amma sun riƙe addu'ar Cranmer ta Lahadin farko da ɗan gyaran harshe kawai.