Abinci, Ninkaya da Nishaɗi a Jirgin Queen Mary 2

Queen Mary 2 jirgin ruwan fasinja ne na kamfanin Cunard, wanda aka ƙera a Saint-Nazaire ta ƙasar Faransa. Sarauniya Elizabeth ta Biyu ce ta raɗa masa suna a Southampton ranar 8 ga Janairun 2004, bayan kwana huɗu ya kama tafiyarsa ta farko. Tsawonsa mita 345 ne, yana ɗaukar fasinja kusan 2,700 da ma'aikata sama da 1,200. Wani ɓangare na shekara yana yawon shaƙatawa daga wannan tasha zuwa waccan, sauran kuma jigila tsakanin Southampton da New York, tafiyar kwana bakwai a Tekun Atlantika ba tare da an yada zango ba. Wannan mako guda da fasinja ke yi babu gari babu gaɓa shi ne ya tsara yadda ake ci da yadda ake hira a jirgin.

Ana saɓani kan ko jirgin jigila za a kira shi ko na yawon shaƙatawa. Kamfanin ya fi son sunan farko.

Asali

Jirgin Britannia, wanda Cunard ya fara aikin ƙetare Atlantika da shi a 1840, yakan tafi da saniya saboda madara, da kaji a akurki, don a lokacin babu firij. Marubuci Charles Dickens ya shige shi daga Liverpool a Janairun 1842, kuma bai ji daɗinsa ba ko kaɗan: ya kwatanta zauren cin abincin da wani makeken keken ɗaukar gawa da aka yi wa tagogi.

Gasa ce tsakanin kamfanonin Ingila da na Jamus ta canja lamarin a farkon ƙarni na 20. A wajajen 1900 aka ƙaddamar da Prinzessin Victoria Luise na kamfanin Hamburg-Amerika, wanda akasari ake ɗauka a matsayin jirgi na farko da aka ƙera musamman don yawon shaƙatawa. A 1905 wannan kamfani ya buɗe gidan abinci na Ritz-Carlton a jirginsa Amerika, inda mai hali zai zaɓi abin da ransa ke so, a lokacin da ya ga dama, ya biya dabam da kuɗin tikiti. Tafkin ninkaya kuwa, yawanci ana danganta na farko da jirgin Adriatic na kamfanin White Star a 1907, wanda har ɗakin sirace irin na Turkawa yake da shi. Tafkunan wancan zamani a can cikin jirgi suke, da ruwan teku ake cika su, kuma a wasu jiragen maza da mata kowa da lokacinsa.

Tsohon Queen Mary na 1936 shi ne wanda jirgin yanzu ya fi gado. A bangon babban zauren cin abincinsa akwai taswirar Atlantika, da ɗan ƙaramin jirgi na gilashi da ke matsawa a kanta, ta yadda mai cin abinci zai ɗaga kai ya ga inda aka kai. Yana da ƙaramin gidan abinci mai suna Verandah Grill a bayan jirgi, wanda sai an ƙara kuɗi ake shiga, yana kuma da kicin dabam don abincin Yahudawa. Daga 1958 masu ƙetare tekun ta sama suka fi masu bi ta ruwa yawa. Tun daga nan wanda ya shiga jirgin ruwa ba sauri ya kawo shi ba, sai teburi da dandalin rawa suka zama hajar da kamfani ke tallatawa.

Cin abinci

A Queen Mary 2 ɗakin kwanan da mutum ya biya shi ne ke nuna inda zai ci. Mafi yawan fasinja a zauren Britannia suke ci, wanda ya ɗauki faɗin jirgin gaba ɗaya, da teburori a hawa biyu da matakala mai lanƙwasa ta haɗa su. Saboda yawan jama'a, a al'ada kashi biyu ake raba abincin dare, wasu da wuri wasu can bayan ƙarfe takwas, kuma mutum yakan zauna a teburi ɗaya da mutane ɗaya har ƙarshen tafiya. Masu manyan ɗakuna suna da Princess Grill da Queens Grill a hawa na bakwai, ƙananan zaure ne da ake ajiye wa kowa teburinsa, ya zo lokacin da ya so. Tsakanin waɗannan matakai biyu akwai wani zauren cin abinci mai suna Britannia Club. Masu suka na cewa tsohon tsarin aji-aji ne aka canja wa riga. Masu kare shi na cewa sauran wuraren jirgin kusan duk na kowa ne.

Wanda ba ya son zaman teburi sai ya tafi Kings Court, ya ɗauki faranti ya zuba da kansa. A gyaran da aka yi wa jirgin a Hamburg a 2016 an sake fasalin wannan wuri, an kuma maye gurbin gidan abincin Todd English da wani mai suna Verandah, don tunawa da na 1936.

Shayin la'asar na da nasa matsayi. Da misalin ƙarfe uku da rabi ake buɗe zauren Queens Room, ma'aikata su shigo a jere da fararen riguna da farar safar hannu, wasu riƙe da butocin shayi, wasu da tire na yankakken burodi mai haɗi da kek, makaɗa na kiɗa a hankali. Wanda ya makara yakan tarar da layi a ƙofa. A wasu dararen tafiya ana buƙatar shigar alfarma: maza baƙar kwat da nakatayi, mata doguwar riga. Wanda bai shirya ba, ana ware masa wuraren da zai ci ya zauna.

Ninkaya

Tafkin Pavilion da ke hawa na 12 yana da rufin gilashi da ake zugewa idan rana ta fito, a mayar idan iska ta taso. Akwai wasu a sarari a bayan jirgi, har da mara zurfi na yara, amma sanyin arewacin Atlantika kan hana su cika. Idan teku ta yi fushi ruwan tafki kan riƙa tambal-tambal, sai a zubar da shi a rufe da raga.

Nishaɗi

Zauren Illuminations shi ne wurin nuna taurari na farko da aka yi a jirgin ruwa. Ana sauko da wani rufi mai kamar kifaffiyar ƙwarya bisa kujerun tsakiya, masu kallo su kishingiɗa suna duban sararin samaniya. A wannan zaure ake nuna fina-finai, ake kuma yin laccocin baƙi, marubuta da masana tarihi da na kimiyya, waɗanda su ne ke cinye safiyar ranakun tsakiyar teku. Zauren Royal Court kuwa na wasan kwaikwayo ne da waƙe-waƙe. Da dare Queens Room kan koma dandalin rawa da cikakken rukunin makaɗa, kuma kamfanin na cewa babu kamarsa girma a teku. An daɗe ana ɗaukar mutane musamman don su yi rawa da fasinjan da suka zo ba abokin rawa.

Laburaren da ke hawa na takwas na da dubban littattafai, tagoginsa suna kallon goshin jirgi. Masu motsa jiki kan zagaya farfajiyar katako ta hawa na bakwai, zagaye uku ya ɗan haura mil ɗaya. Akwai mashaya da dama da gidan caca.

Karnuka da kyanwoyi ma suna da masauki a saman jirgi, keji 24 tun 2016, da ma'aikacin da ke kula da su. An kafa musu sandar fitilar titi daga Liverpool da famfon kashe gobara daga New York.

Agogon jirgi na shafar duk waɗannan shirye-shirye. Tsakanin Ingila da New York akwai bambancin awa biyar, don haka a tafiyar yamma ana mai da agogo baya da awa ɗaya a darare biyar, masu rawa su samu ƙarin lokaci. A tafiyar gabas ana tura shi gaba ne da tsakar rana, daga sha biyu a tsallaka zuwa ƙarfe ɗaya.