Adireshin cikin gida da tace wasiƙun banza a sabar imel

Adireshin cikin gida lambar IP ce da ba ta fita intanet, wadda kwamfutocin ofis ɗaya suke gane juna da ita. Takardar ƙa'idar intanet mai suna RFC 1918 ta shekarar 1996 ta ware su kashi uku: masu farawa da 10, da na tsakanin 172.16 da 172.31, da masu farawa da 192.168. Akwai kuma 127.0.0.1, wanda kwamfuta ke kiran kanta da shi. Waɗannan lambobi ba mallakin kowa ba ne, 192.168.1.1 da ke wani ofishi a Maradi, shi ne dai a dubban ofisoshin Yamai da Kano.

Saba ita ce kwamfutar da ke karɓa da miƙa imel. Duk sabar da wasiƙa ta ratsa tana ƙara mata layin Received a can saman kanta, inda take rubuta adireshin wanda ya miƙo ta. Ɗan damfara na iya ƙirƙiro layukan ƙasa, amma wanda sabar gida ta rubuta da kanta ya fi ƙarfinsa. Shi ne matatar wasiƙu ke ɗauka, ta duba ko adireshin yana cikin jerin masu baƙin suna, irin na Spamhaus da aka kafa a 1998, ta kuma gwada shi da tsarin SPF don a ga ko an ba shi izinin aika wasiƙa da sunan da ya zo da shi.

Matsalar na farawa daga bakin ƙofa. Ofisoshi da yawa adireshin waje ɗaya gare su, saba kuma tana bayan rauta, wato na'urar da ke haɗa ofis da intanet, ko katangar tsaro. Idan aka saita na'urar ta riƙa goge adireshin mai aikowa tana sa nata, to ko daga Rasha wasiƙa ta taso, saba za ta ga 192.168.1.1 ne kawai. Baƙo ya shigo zaure da rigar ɗan gida ke nan. Jerin masu baƙin suna ba shi da abin faɗa kan irin wannan lamba. A manhajar SpamAssassin, wadda ke kama wasiƙa idan makinta ya kai 5, dokar ALL_TRUSTED ma rage mata maki take yi, tunda a ganinta hannun amintattu kaɗai ta bi.

Mafi muni shi ne abin da ke faruwa a Postfix, wata manhajar sabar imel. Idan layin mynetworks, wato jerin adireshin da saba ta amince da su, ya haɗa da adireshin rautar, saba za ta yarda ta kai wa kowa saƙo ko'ina, masu yaɗa wasiƙun banza kuwa ba sa jimawa ba su gano irinta ba. Daga nan adireshin ofishin ne zai shiga jerin, ɗan kasuwan da ya aika takardar kuɗin kaya zuwa Kwatano ya ga ta dawo masa, bai san hawa ba bai san sauka ba.

Gyaran ba ya cin kuɗi, kuma abin takaici ne a bar shi. A hana rauta taɓa adireshin wasiƙun da ke shigowa, a taƙaita mynetworks, ma'aikata su riƙa aikawa ta mashiga 587, ƙofar da aka ware wa masu aika wasiƙa, da kalmar sirri. Inda wata manhajar tace wasiƙu kamar Amavis ke karɓar wasiƙa ta 127.0.0.1, umarnin XFORWARD yana isar mata da adireshin asali. Mai kula da saba zai gane halin da yake ciki idan ya buɗe kan wasiƙar da ta zo daga Gmail, ya duba lambar da sabarsa ta rubuta a layin Received: idan adireshin cikin gida ne, to matsalar tana nan.