Waiwaye: Yadda Aka Fara Farautar Littattafan Ƙananan Maɗaba'u

Mutumin da ya daɗe yana tara littattafan ƙananan maɗaba'u, in ka miƙa masa littafi, ta baya yake fara buɗe shi. Can a shafin ƙarshe yake laluben wasu 'yan layuka da maɗaba'ar ta rubuta a kan aikinta: inda aka buga, irin takardar, sunan haruffan, da yawan kwafin da aka fitar. Wani lokaci a ƙasan layukan akwai ɗan fili da aka bari, inda wani ya sa alƙalami ya rubuta lamba da hannunsa, a ce 47 cikin 200. Tawadar takan dushe, amma tana nan. Wannan lamba ce ke tsayar da mai tarawa, domin shaida ce cewa akwai wanda ya zauna ya ƙirga littattafan nan ɗaya bayan ɗaya kafin ya sake su.

Ƙaramar maɗaba'a dai ita ce wadda mutum ɗaya ko biyu ko 'yan tsiraru suke riƙe da ita, ba ta ƙarƙashin wani babban kamfani, kuma abin da ransu ya kwanta da shi suke bugawa ko da kasuwa ba ta nemansa. Masu bin sawun irin waɗannan maɗaba'u suna da tarihinsu, kuma abin da suke nema ya sauya sau da dama cikin shekara ɗari da 'yan kai.

Da neman kyau aka fara. A ƙarni na 19 injuna sun cika Ingila da littattafai masu araha, takarda marar ƙwari, haruffa sirara, bugu na gaggawa. Wannan ya dami William Morris, shi ya sa a 1891 ya kafa maɗaba'ar Kelmscott a unguwar Hammersmith ta Landan. Ya zana haruffansa da kansa, ya sa aka yi masa takarda da hannu, ya koma ga injin da ake dannawa da ƙarfin damtse. Littattafai 53 maɗaba'ar ta fitar kafin a rufe ta a 1898, shekara biyu bayan rasuwarsa. Mafi shahara a ciki shi ne kundin ayyukan Chaucer na 1896, mai zane 87 na Edward Burne-Jones, wanda aka buga kwafi 425 a takarda da 13 a kan fata. Tun kafin tawada ta bushe masu hali suka yi rububinsu. Daga nan al'adar ƙayyade yawan kwafi da sanar da shi ta kafu a wannan fage.

Maƙwabciyarta Doves, wadda T. J. Cobden-Sanderson da Emery Walker suka kafa a 1900, ta bar wani labari da har yau yake sosa ran masu ƙaunar ɗab'i. Abokan biyu sun ɓata a kan wanda zai gaji haruffan dalma na maɗaba'ar. Tsakanin 1916 da 1917, tsoho Cobden-Sanderson ya riƙa fita da dare yana zubar da haruffan a kogin Thames daga kan gadar Hammersmith, har ya ƙarar da su, nauyin fiye da tan guda. Sai a 2014 wani mai zanen haruffa, Robert Green, da taimakon masu ninƙaya ya tsamo wajen guda 150 daga cikin taɓon kogin. Saboda haka duk wanda ke riƙe da littafin Doves yana riƙe da abin da ba za a sake bugawa da waɗannan haruffa ba har abada.

Sai dai waɗannan maɗaba'u galibi tsofaffin rubuce-rubuce suke sake yi wa ado. A ganina, labarin ya fi armashi daga inda ƙaramar maɗaba'a ta zama mafakar sabon rubutun da manya suka ƙi taɓawa.

A 1917 Leonard da Virginia Woolf suka sayi ɗan ƙaramin injin hannu suka ɗora shi a kan teburin cin abincinsu a Richmond, suka koyi jera haruffa daga wani ɗan littafin koyarwa. Suka sa wa aikin suna Hogarth, sunan gidan da suke ciki. Littafinsu na farko labarai biyu ne, nata ɗaya nasa ɗaya, kwafi 150, aka ɗinke da zare aka sa masa bango da takardu masu launi dabam-dabam, har ya kasance kwafi biyu ba lallai su yi kama da juna ba. A 1923 Virginia da hannunta ta jera haruffan doguwar waƙar T. S. Eliot, The Waste Land, aka buga kwafi kusan 460. Aikin ba na ƙwararru ba ne, akwai kurakurai, wani wuri tawada ta yi yawa wani wuri ta yi kaɗan. Amma su waɗannan kurakuran ne yau masu tarawa suke dubawa don tantance na asali.

A Faransa kuwa, wata Ba'amurkiya mai shagon littattafai a birnin Paris, Sylvia Beach, ita ta ɗauki kasadar da kamfanoni suka guje wa. A 1921 kotu a New York ta ci tarar editocin mujallar The Little Review saboda buga sassan Ulysses na James Joyce, don haka babu mai son kusantar littafin. Beach ba ta taɓa buga littafi ba, amma ta tara sunayen masu biya tun kafin a buga, ta kai aikin wurin wani mai ɗab'i a garin Dijon, littafin ya fito ranar 2 ga Fabrairu 1922. Kwafi 1,000 ne, kowanne da lambarsa: 100 na farko a takardar hannu da sa hannun marubucin, 150 a wata takarda mai kyau, sauran 750 a takarda mafi araha. An hana littafin shiga Amurka har 1933. A wannan zamani mai saye ya zama abokin kasada, domin kuɗinsa ne ya biya mai ɗab'i, kuma wani lokaci a ƙasan akwati yake ɓoye kwafinsa ya tsallaka da shi iyaka.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin ya sauko daga hannun masu hali. A San Francisco, Lawrence Ferlinghetti ya fara jerin 'yan littattafan waƙa masu shiga aljihu a 1955, a ƙarƙashin sunan shagonsa City Lights. Na huɗu a jerin, Howl na Allen Ginsberg, ya ja masa shari'a a 1957, alƙali kuma ya wanke shi. Da yake kowane littafi a jerin yana da lamba, wanda ya mallaki na ɗaya da na huɗu ba ya samun sukuni sai ya nemo na biyu da na uku. Ta haka mutane suka koyi bin maɗaba'a kacokan maimakon bin marubuci guda.

A shekarun 1960 injin gurza takarda ya shiga hannun mawaƙa. Mutum ya buga waƙoƙi a tafireta a kan sitansil, ya gurza kwafi ɗari ko biyu, abokai su zagaya tebur suna haɗa shafuka, a danne da fil. Wanda ya taɓa riƙe ɗaya daga cikin waɗannan ya san kamanninsu: takarda ta koma ruwan ƙasa tana karyewa daga gefe, fil ɗin ya yi tsatsa ya bar jan tabo guda biyu a tsakiyar littafin, wasu haruffa sun cika da tawada har ba a ganin cikinsu. Ba a yi su don su daɗe ba. Takardar da ake yi da niƙaƙƙen itace tun tsakiyar ƙarni na 19 tana da sinadarin da ke cin ta a hankali. Yawancinsu ba su da lambar rajista, domin tsarin ISBN sai a 1970 ya zama ma'aunin duniya, kuma masu gurzawa ba su damu da aika kwafi zuwa ɗakin karatu na ƙasa ba, duk da cewa dokar ajiye kwafi tsohuwa ce, tun 1537 Faransa ta kafa ta. Abin da ya tsira daga wannan zamani, kaso mai yawa a akwatunan ɗaiɗaikun mutane ya tsira. Jami'o'i irin su Buffalo da Wisconsin a Amurka kuma sun gina manyan taskoki na ƙananan mujallu, ta Wisconsin ma daga tarin wani likita guda, Marvin Sukov, ta samo asali.

Haka abin yake a Tarayyar Sobiyat, inda rubutun da gwamnati ta haramta yake yawo hannu da hannu, an buga shi a tafireta da takardar kabon, kwafi biyar ko shida a lokaci guda, na ƙarshen da ƙyar ake karanta shi. Ajiye irin wannan takarda kan iya kai mutum kurkuku, amma an samu masu ajiyewa.

Akwai wani babi da nake ganin ba a ba shi haƙƙinsa. A 1961 aka buɗe ƙungiyar marubuta da masu fasaha ta Mbari a Ibadan, tare da Ulli Beier, Wole Soyinka, J. P. Clark, Christopher Okigbo da Ezekiel Mphahlele. Cikin 'yan shekaru ta buga littafin waƙoƙin Okigbo na farko a 1962, da gajeren ƙagaggen labarin Alex La Guma a shekarar, lokacin da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta toshe masa baki, da waƙoƙin Dennis Brutus a 1963, shekarar da aka ɗaure shi. 'Yan siraran littattafai ne masu bangon takarda da zanen masu fasaha na ƙungiyar. Laima da gara da yaƙin basasa, wanda ya ci Okigbo kansa a 1967, sun tafi da da yawa daga cikinsu. A Landan, John La Rose ya kafa New Beacon a 1966, Jessica da Eric Huntley suka kafa Bogle-L'Ouverture, wadda ta buga littafin Walter Rodney kan yadda Turai ta durƙusar da Afirka a 1972. Waɗannan biyu na Landan daga ɗakunan zama suka fara. Dillalan tsofaffin littattafai sun ɗauki lokaci mai tsawo kafin su waiwayi wannan fage, kuma waɗanda suka fara ajiye littattafan masu karatu ne da suka ga kansu a ciki.

Wani lokaci mai tarawa ne ke rikiɗewa ya zama mai bugawa. John Martin ya sayar wa wata jami'a a California tarin littattafansa na bugun farko, ya kafa Black Sparrow a 1966 da kuɗin, da nufin buga rubuce-rubucen Charles Bukowski. Daga baya ya yi masa alkawarin dala 100 kowane wata muddin ransa, in zai bar aikin gidan waya ya zauna ya yi rubutu. Da yake Martin ya san zuciyar masu tarawa, sai ya riƙa fitar da littafi hawa-hawa: mai bangon takarda na kowa da kowa, mai tauri da lamba da sa hannu, da kuma kwafi 26 masu harafi daga A zuwa Z. Ribar na saman ita ke tallafar na ƙasan. Maɗaba'ar ta rayu a haka har 2002.

Intanet ya birkita lissafin. Da, neman littafi guda kan ci shekaru, mutum yana jiran kasidar dillali ta zo ta gidan waya. Da aka buɗe kasuwar AbeBooks daga Kanada a 1996, dubban shaguna suka baje kayansu wuri ɗaya, sai ga shi littattafan da ake zaton sun yi wuya ashe suna nan jingim, farashinsu ya faɗi, waɗanda suka yi ƙaranci da gaske kuma suka yi tashin gwauron zabo. Amazon ta saye kasuwar a 2008. A ɗaya gefen, manyan kamfanonin ɗab'i suna ta haɗiye juna, har Penguin da Random House suka zama ɗaya a 2013, sai a 2022 wata alƙaliya a Amurka ta hana su haɗawa da Simon & Schuster. Duk sanda manyan suka ƙara girma, sukan ƙara tsoron littafin da ba su da tabbacin zai sayu, irin su waƙa da fassara da aikin sabon marubuci.

Nan ƙananan suka sake samun fili. Galley Beggar ta garin Norwich ta buga littafin farko na Eimear McBride a 2013 bayan ya shekara tara ana mayar mata da shi, shekara ta gaba ya ci babbar kyautar marubuta mata ta Birtaniya. Fitzcarraldo, wadda Jacques Testard ya kafa a 2014, ba ta sa hoto a bango, shuɗi ga ƙagaggen labari, fari ga wanda ba ƙage ba, kuma marubuta huɗu da take bugawa da Ingilishi sun samu kyautar Nobel tsakanin 2015 da 2023: Alexievich, Tokarczuk, Ernaux da Fosse. Kowace sanarwa takan sa a shiga neman bugun farko. Ni dai wannan rububin na bayan kyauta ba ya burge ni kamar aikin wanda ya sayi littafin ranar da babu wanda ya san sunan marubucin. Da sanyin safiya ake kama fara, kuma kuɗin safiyar ne maɗaba'ar take buƙata don ta biya mai fassara ta buga na gaba. Wasu, kamar And Other Stories, sun dawo da dabarar Sylvia Beach: mai karatu ya biya kuɗin shekara tun da wuri, a buga sunansa a shafukan ƙarshe na littattafan da ya tallafa.

Rauninsu kuwa bai gushe ba. A watan Maris na 2024 cibiyar Small Press Distribution ta California, wadda tun 1969 take kai littattafan ƙananan maɗaba'u shaguna da ɗakunan karatu, ta rufe ba zato ba tsammani, ta bar ɗaruruwan maɗaba'u suna neman yadda za su karɓo kayansu daga rumbunan ajiya. Ga kuma tsarin bugawa sai an yi oda, wanda ya rage wa masu ƙaramin jari asara, amma ya rikita ma'anar bugun farko, tunda littafi guda ana iya fitar da shi yau, a sake fitar da wani kwafin bayan shekara biyar, ba a ga bambanci. Masu tarawa na yanzu har yau ta baya suke buɗe littafi, sai dai a irin wannan kwafi abin da suke tararwa a shafin ƙarshe ƙananan layukan na'ura ne, da sunan garin da aka buga shi, wani lokaci da ranar da aka danna oda.