Tambayoyi game da gidajen sarautar tsibiran Hawai na dā

Su wane ne 'yan sarauta a Hawai?

Ana kiransu ali'i. Su ke riƙe da ƙasa da mulki a waɗannan tsibirai na Tekun Fasifik, talakawa kuwa, maka'ainana, su yi noma da kamun kifi. Darajar basarake tana zuwa ne daga jininsa, ta wajen uba da ta wajen uwa duka, domin sun yi imani cewa wani ƙarfi mai suna mana yana bin zuriya.

Daga ina suka ce asalinsu ya fito?

Daga Wakea, uban sama, da Papa, uwar ƙasa. A almarar, ɗan farko da Wakea ya samu da 'yarsa an haife shi ba rai, aka binne shi, sai gwaza ya tsiro a kan kabarin. Ƙanensa Haloa shi ne kakan mutane. Wannan ne ya fi ratsa ni: basarake mafi girma yana ɗaukar gwazan da ake ci kullum a matsayin wansa, wanda dole a kula da shi. Daga baya zuriyar ta rabu gida biyu, ta Ulu da ta Nanaulu.

Babu rubutu, ta yaya suka riƙe jerin kakanni?

Da haddace waƙa. Kumulipo, mai layi fiye da 2,000, tana farawa daga duhun farkon halitta har ta iso ga sarakuna. Sarki Kalakaua ya sa aka buga ta a 1889, ƙanwarsa Sarauniya Lili'uokalani ta fassara ta zuwa Turanci, aka buga a 1897.

Gaskiya ne wa da ƙanwa kan yi aure?

A manyan gidaje kawai. Ana kiran auren pi'o, kuma ɗan da aka haifa yana da tsarkin da sai mutane sun kwanta rub da ciki in ya wuce. Keopuolani, matar Kamehameha wanda ya haɗa tsibiran a 1810, ta fi mijinta daraja saboda jininta.

Ɗan talaka bai taɓa hawa ba?

Ya taɓa. Umi ɗan Sarki Liloa na kwarin Waipi'o ne, amma uwarsa ba 'yar babban gida ba ce. Wansa Hakau ya gaji sarauta ya yi zalunci, sai Umi ya samu goyon bayan limaman gargajiya, ya hamɓarar da shi ya hau gadon.