Ciwon da ke mayar da bandeji kore: amsoshi kan Pseudomonas

Aikina wankin ciwo ne a asibiti, kuma tambayoyin nan su ne dai kullum. Don Allah a karanta kafin a sake tare ni a baranda.

Mece ce ita?
Ƙwayar cuta ce, sunanta Pseudomonas aeruginosa. Tana zaune a ƙasa da ruwa da duk inda danshi ya daɗe, har bakin famfo da bokitin goge ɗaki.

Ni da nake lafiya lau, in ji tsoro?
A'a, kwantar da hankalinka. Mai ƙuna take samu, da mai gyambon ciwon suga, da wanda aka sa wa robar fitsari ko na'urar numfashi.

Na saya wa Baba Ampiclox da Septrin, me ya sa ba sauƙi?
Wa ya ce ka saya? Waɗannan ba sa taɓa ta, tun asali haka take. Bangonta da wuyar shiga, ɗan maganin da ya kutsa kuma tana da hanyar tunkuɗo shi waje. Sannan takan yi wa kanta wani yauƙi a kan ciwo ta ɓuya a ciki. Kun ɓata kuɗi, kun ɓata sati biyu, ƙafar tana ci. A ɗebi ruwan ciwon a kai awo, awon ne zai nuna wanda zai kashe ta. Wani lokaci ciprofloxacin ya isa, wani lokaci sai allurar ceftazidime ko meropenem. In ta bijire wa waɗannan sai colistin, mai wahalar da ƙoda. A jerinta na 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa nau'inta mai bijire wa irin su meropenem a sahun farko na ƙwayoyin da ake neman sabon magani dominsu.

Koren fa, sammu ne?
Ba sammu ba ne. Ita ke fitar da launin, shuɗi-shuɗi kore-kore, da wani wari mai ɗan zaƙi da ke tashi da zarar an ɗaga auduga. Wani Bafaranshe, Carle Gessard, ya ware ta daga irin wannan mugunya tun 1882.

An ce ruwan khal (vinegar) yana kashe ta, in wanke a gida?
Nan sai mun bi a hankali. Akwai gaskiya a maganar: ba ta son tsami, kuma a wasu sassan kula da ƙuna ana jiƙa ciwo da sinadarin tsamin da aka sirka zuwa kashi 1 cikin 100. Amma na kwalbar girki ya kai kusan kashi 5, yana da zafi, yana iya cin sabon naman da ke tsirowa. Kuma da wane ruwa za ka sirka? In na randa ne, wataƙila ita ɗin ka ƙara zubawa. Idan ciwon na sama-sama ne, ba zazzaɓi, ba kumburi, ma'aikacin lafiya ya gani da idonsa ya auna maka haɗin, to zan iya yarda, shi ma na 'yan kwanaki. Idan kuwa mai suga ne, ko ciwon ya yi zurfi, ko ja yana hawa sama, ko jiki ya yi zafi, ban yarda ba ko kaɗan. Tsami iyakarsa saman ciwo, ba ya bin ta cikin jini ko ƙashi. A kawo shi yau.

Tana shiga maganin ɗigawa a ido ma?
Ƙwarai. Tsakanin 2022 da 2023 a Amurka gurɓataccen ruwan ɗigawa ya sa wa mutum 81 ita, 4 suka rasu, wasu suka makance. Kwalbar da aka buɗe wata guda a jefar, kuma kar a ara wa maƙwabci.

Me mai jinya zai yi?
Wanke hannu da sabulu kafin taɓa ciwo da bayansa. Kar a wanke bandeji a mayar. Maganin wankin ciwon da aka sirka ya kwana a kwano, a zubar, tana iya rayuwa a cikinsa.