Baƙon Kano, ba kowane ciwon kai ne gajiyar mota ba

Da zarar an kwana biyu babu wuta, sai mun ga waɗanda hayaƙin janareta ya sumar a asibitin da nake aiki. A shigo da mutum da asuba ranga-ranga a Adaidaita Sahu. Baƙo ne, ya zo sarin kaya Kantin Kwari ko Singa daga Gusau, ko Maraɗi, ko Damagaram, ya sauka a wani ƙaramin otal a Sabon Gari ko kusa da tasha. Lafiyarsa ƙalau ya kwanta. Idan Allah ya sa ya farfaɗo muka tambaye shi, amsar kusan ɗaya ce: "Cikin dare na farka kaina kamar zai tsage, na ce gajiyar mota ce, na sha Panadol na koma barci."

Wannan komawa barcin ita ce take ƙona min rai.

Wasu masu otal, don tsoron ɓarayi ko ruwan sama, a lungu suke ajiye injin janareta, ko ƙarƙashin bene, ko dab da tagar ɗaki. Hayaƙinsa na ɗauke da wata iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Hanci ba ya jin ta. Alamarta sai ciwon kai, jiri, tashin zuciya da mutuwar jiki, mai nauyin barci kuwa ba lallai ya ma farka ba.

Haba Alhaji! Ka ƙirga kuɗin sarinka sau uku, ka tura su ƙarƙashin filo, ka duba sakata, amma ba ka leƙa ka ga inda inji yake ruri ba? Har ku uku a ɗaki ɗaya, kowa kansa na sarawa a lokaci guda, sai ku ce maleriya ce. Wane sauro ne ya yi muku layi haka? Ƙwaya ba ta korar gubar nan. Ka sha goma ma, muddin kana cikin ɗakin, shaƙa kake yi.

Na san ka gaji, ɗan uwa. Ka wuni a mota, ka biya kuɗin ɗaki, kuma baƙo ba ya son a ce ya cika ƙorafi. Amma kunyar nan ce ke kawo mana ku a sume. Hajiya, ke ma da kaskon gawayinki na turaren wuta lokacin hunturu, taga da ƙofa a rufe ruf, gubar ɗaya ce.

Ga abin yi a taƙaice. Kafin ka biya, ka tambayi inda inji yake. A fili ya kamata ya kasance, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. In ba haka ba ne, a sauya maka ɗaki ko ka sauya masauki. Ka farka da ciwon kai inji na aiki, ka fita waje nan take, kada ka tsaya neman takalmi. In kan ya yi sauƙi a waje, ka gane daga inda abin yake, kada ka koma ɗakin. Ka je asibiti ko da ka ji dama, na Murtala ko na Malam Aminu Kano ko wanda ya fi kusa, ka ce musu hayaƙin inji ka shaƙa. Wanda ya suma, iskar oksijin yake buƙata, a daina ɗura masa madara da manja, yana iya shaƙewa.

Kuma don Allah, in ka fito, ka sa a bubbuga wa na ɗakin kusa da kai ƙofa har sai ya amsa.