Hutun gwamnati a Maleshiya: a karanta kafin a sake kira na

Ana ba da hutun Sallah a can?

Ana bayarwa mana. Ƙaramar Sallah kwana 2, babba kwana 1 a yawancin jihohi.

Hutu ɗaya ne a duk ƙasar?

A'a. Akwai na tarayya, kamar ranar 'yanci 31 ga Agusta da ranar Maleshiya 16 ga Satumba, kuma kowace jiha da nata. Bikin Thaipusam na Hindu hutu ne a Kuala Lumpur da Selangor da Penang, amma a Kelantan aiki ake yi. Duba kalandar jihar da kake, ba ta abokinka ba.

Bizata ta karatu za ta ƙare a makon Sallah. In bari sai bayan hutu?

Kada ka kuskura. Takardunka sai sun bi ta ofishin ɗalibai na makarantarku, su wuce EMGS (hukumar da ke tantance takardun bizar ɗaliban waje), sannan hukumar shige da fice ta buga maka. Duk inda aka rufe a hanya, fayil ɗinka ya kwanta. Hutun ƙaramar Sallah kwana 2 ne a takarda, amma ma'aikata da dama kan haɗa da hutunsu na shekara su tafi ƙauye, ofis ya yi mako da rabin mutane. A yawancin jihohi, idan hutun ya faɗo Lahadi, Litinin ma ba aiki. Ranar Sallar ita ma sai an sanar da ganin wata: a 2022 ta zo 2 ga Mayu, mutane na jiran 3 ga wata, an kwana ana neman ɗinkin da ba a gama ba. Ni dai shawarata, ka kai fasfo wata 3 kafin ƙarewa. Wata makarantar ta fi wata sauri, don haka ka tambayi ofishinku, su rubuta maka ranar. Idan lokaci ya riga ya ƙure, kwantar da hankalinka, akwai izinin wucin gadi na kwana 30 da makaranta ke nema maka. Amma ka je tun bizar na da rai.

Asabar da Lahadi ne ƙarshen mako?

Ban da Kelantan, Terengganu da Kedah, nasu Juma'a da Asabar. Johor ta koma Asabar da Lahadi tun Janairun 2025.

Zan zo sarin kaya a sabuwar shekarar Sinawa.

Alhaji, ɗaga tafiyar. Dilolin da yawa Sinawa ne, sukan rufe shago kwanaki, ka yi ta biyan otal a banza.

Zan samu tikitin mota ana gobe Sallah?

A TBS, babbar tashar motoci ta Kuala Lumpur? Haba. Sayi naka tun farkon azumi.